Ɗorawa Biyu a Gonar Bakin Rafi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja mani kwana har na ji ana ba da labarina a karkace ina zaune. Hauwa'u, autata, ita ke riƙe da biro. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi, amma na gaya mata in ta sassauta mani kalma ɗaya zan gane sa'ad da take karanta mani, don kunnena bai tsufa ba. Abin da ya sa na ce a rubuta, wurin sunan jikar babban yayanku ne na ji wata daga cikin matan gidan nan tana gaya wa baƙuwa cewa, ai da muna da fadama, Iya ce ta kyautar da ita don tsoron kotu. Tana tsammani barci nake. Ban tanka mata ba, don ba a haife ta ba sa'ad da abin ya samo asali. Amma tunda haka ake faɗi a gidana, to ku zauna ku ji daga bakin wadda ta yi.

Gonar kun san ta. In ka baro garin Ƙofa ka nufo ƙauyenmu tana hannun hagu, ta faro daga tudu ta gangara har bakin rafi. Ɗorawa biyu ne a cikinta, ɗaya a tudu, ɗaya a ƙasa inda ƙasar ta fara baƙi. Malam, babanku, gadonta ya yi. Ina amarya aka yi wata shekara ta yunwa, mutane suka riƙa kwararowa daga arewa. A cikinsu akwai Mamman, wanda aka riƙa kira Baƙo har ya mutu, da matarshi Tabawa da jaki ɗaya. Malam yana da ƙasa fiye da hannun da zai nome ta, sai ya ba Baƙo aron gonar bakin rafi. Ku 'yan yanzu ba ku san aron gona ba, kun fi sanin haya. Ba a rubuta komai. Wanda aka ara wa ya noma ya ci, amma ba ya dasa itace, don itace zama ne. Duk kaka kuma ya ɗauko dami ɗaya ya kawo ƙofar mai gona, ba don mai gona na jin yunwa ba, don dai gari ya gani. Itatuwan da ya tarar a ciki kuwa ba nashi ba ne, matan mai gona su ke cin amfaninsu. Ko baƙo ne ya zo garin yana son ya san mai gona, ba sai ya tambayi wanda ya gani da fartanya ba, ya jira bazara ya ga matar da ke kaɗe ɗorawar.

Ni ce matar. Sana'ata daddawa tun ina gidanmu. Da na ga jan furen ɗorawa ya zube, 'ya'ya sun yi baƙi sun fara ƙara in iska ta kaɗa, sai in ɗauki doguwar gorata mai ƙugiya in tafi. In ware gari, in ware kalwa, ɓawon in jiƙa makuba a yi daɓe. Tabawa ta kan zo ta taya ni tsinta in ɗebar mata. Ita mace ce mai sanyi, kullum kanta a ƙasa, ni kuwa kun san ni. Haka muka yi shekara huɗu.

A ta biyar ƙurkunu ya kwantar da Malam tun ruwan farko, ƙafa biyu duka. Babban yayanku yana goye a bayana. Ni ba na faɗin sunanshi, ɗan fari ne, nan gaba zan riƙa cewa Babba. Ba mu da kowa da zai kama mana. Baƙo ne ya bar tashi gonar, ya shuka gonarmu ta bayan gida, ya yi mata noman fari, ya yi maimai, sannan ya koma tashi da ta riga ta yi ciyawa. A shekarar nan abin da ya samu bai kai rabin na kullum ba, amma da kaka ta yi sai ga shi da daminshi a kan jaki kamar yadda ya saba. Malam yana zaure, ya fara taka ƙafa da sanda. Na kai masu fura, ban riga na fita ba na ji abin da aka ce.

“Mamman, daga ɗorawar ƙasa zuwa rafi na ba ka. Ba aro ba, kyauta, kai da 'ya'yanka. Tudu dai yana nan yadda yake.”

Baƙo ya yi ta rantsuwa shi ba don haka ya yi ba. Malam bai saurare shi ba, ya juyo wurina.

“Kin ji ko? Daga bana ɗorawar ƙasa ta Tabawa ce. Kada in ga gorarki a jikinta.”

Raina bai so ba, ba zan ɓoye maku ba, don ta ƙasa ta fi 'ya'ya kuma kalwarta ta fi girma. Amma ban sake miƙa mata gora ba. Shekara arba'in da 'yan kai, duk bazara ni ina tudu Tabawa tana ƙasa, muna jiyo ƙarar gorar juna, in rana ta take mu haɗu a inuwa ɗaya mu sha ruwa. Mazan garin suna wucewa suna ganinmu, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin a bakin komai. Aikin mata ne.

Malam ya riga Baƙo rasuwa da shekara biyu. Aka raba gado, aka bar gonar bakin rafi ba a taɓa ba tunda tana hannun mutum. Baƙo bai fasa kawo dami ba har kakarshi ta ƙarshe. Da ya rasu, gonar ta koma hannun ɗanshi Lawal, wanda a gabana aka yanke mashi cibi. Kaka ta farko ba dami. Na ce maraici ne. Ta biyu ba dami. Ta uku ma haka. Nan ne laifina, kuma shi kaɗai na yarda da shi a duk wannan magana: ina gani na yi shiru, ina jira kunya ta kawo shi. A bazara ta huɗu na je da gorata, sai na tarar an dasa mangwaro a tudu, layi biyu, kowane an kewaye shi da ƙaya. Lawal yana ba su ruwa. Ya gaishe ni yana tsaye.

“Iya, bana da kin huta. Girma ya kama ki, ga rana. In kalwa kike so sai in sa a kawo maki.”

“A kawo mani? Daga gonar wa?”

“To, ai gonar ga tun ban san kaina ba Baba ke noma ta.”

“Ni kuwa tun ba a san za a haife ka ba nake kaɗe itacen ga. Matsa, kada ta faɗo maka a ka.”

Ya matsa. Na kaɗe ta tas, na yi sawu uku ina kwashewa, yana tsaye yana kallo. Niyyata in huta kwana biyu in je in sami uwarshi mu yi magana irin ta manya. Amma labari ya riga ni zuwa Kusada. Babba a lokacin yana can yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya saba da takarda da hatimi. Bai zo ya tambaye ni ba, bai tara ƙannenshi ba. Sai ji na yi wai ya shigar da ƙara a kotun Kankiya yana neman gonar duka, tudu da fadama, a kan cewa aro ce. Lawal kuma ya sami nashi mai ba da shawara, ya ce duka tashi ce, don an gaya mashi wanda ya daɗe da gona a hannu ba a yi mashi magana ba, shari'a tana iya bar mashi. Aka ce kada kowa ya shiga gonar sai an yanke hukunci. Aka zauna sau ɗaya aka ɗaga, aka sake zama aka ɗaga don a kawo shaidu. Ana cikin haka gabas ta fara haɗa hadari.

Ni na san abin da ke zuwa, don na gani da idona. Akwai wata gona a hanyar Bauranya da 'yan uwa biyu suka yi shari'a a kanta, wannan ya ci wancan ya ɗaukaka ƙara, har sabara ta rufe ta, har ɗayansu ya mutu ɗayan bai je jana'iza ba. Ba na zagin kotu. Alƙali aikinshi yake yi, kuma abin da aka kawo mashi cikin ɗaki da shi zai yi hukunci. Amma ɗorawa ba ta shiga mota ta je Kankiya.

Wata Asabar da hantsi Babba ya zo da lauyanshi, wani saurayi mai ladabi, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Babba ya zauna a waje kan turmi, don tsakanina da shi tun yana yaro ba doguwar magana, in ina da saƙo sai in faɗa wa wani ya ji. Lauyan ya ce ni ce babbar shaidarsu.

“Iya, abu ne mai sauƙi. Za a tambaye ki, marigayi aro ya ba Mamman ko sayarwa? Ki ce aro. Shi ke nan.”

“Da farko aro ne.”

“Yawwa. Nan za ki tsaya.”

“In tsaya a tsakiyar magana?”

“Abin da aka tambaye ki kawai za ki amsa, Iya. Haka ake yi.”

“Za a ba ni Alƙur'ani in dafa?”

“Mai yiwuwa ne.”

“To ɗan nan, in na dafa shi ba ni tsayawa inda ka ce. Fadama ba tamu ba ce.”

Na ba su labarin shekarar ƙurkunu. Lauyan ya daina rubutu. Babba ya taso daga kan turmi ya tsaya a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

“Iya, wa ya san wannan maganar ban da ke?”

Na dubi lauyan na ce, “Gaya mashi Allah ya sani, Tabawa ta sani, ɗorawa biyu suna tsaye.”

Babba ya ce, “Ba takarda, ba shaida namiji ko ɗaya. Fadamar nan ita ce gonar, tudun ai yashi ne. Ki yi shiru kawai, ba ƙarya kika yi ba.”

Na ce wa lauyan, “Gaya mashi hatsin da ya shiga bakinshi shekarar da aka yaye shi, Mamman ya noma shi.”

Suka tafi ba sallamar kirki. Daga baya na ji sun shirya ba za su kira ni shaida ba sam.

Washegari da safe na tafi gidan Tabawa. Idonta ya riga ya yi rauni, tana zaune tana ɓarar gyaɗa da lalube. Tun da aka fara ƙarar ba mu haɗu ba, matan gidanta ma da suka gan ni sai kowace ta shige ɗaki.

“Wa nake ji kamar Dije? Warin daddawa ya riga sallama.”

“Ni ce. Hancinki dai bai makance ba. Tabawa, kina zaune ɗanki zai ci tudun Malam?”

“Ke kuma naki zai ci fadamar Mamman. Mi zan yi? An ce magana tana hannun hukuma. Ni ban taɓa taka ƙofar kotu ba, in na ga ɗan sanda hanya nake sakewa.”

“In an zo gona fa? Ƙarƙashin itacenki, gaban Liman, za ki faɗi abin da kika sani?”

Ta murza gyaɗa ɗaya a hannu.

“Lawal shi ke ci da ni, Dije.”

“Ni ma wancan shi ke ci da ni. Sai mu ci hatsin ƙwace mu mutu, mu je mu tarar da mazan nan biyu su tambaye mu?”

“Ke dai tun muna amare bakinki ya fi gorarki tsawo.” Ta share ido da gefen zane. “In kin faɗi taki, zan faɗi tawa. Amma ke za ki fara.”

Ranar zama na uku na yi wanka na ɗaura zanen da nake zuwa Idi da shi. Ban gaya wa kowa ba. Na hau babur zuwa Kusada, na shiga mota zuwa Kankiya, na tambaya aka nuna mani wurin. Na sami benci a baya cikin mata na zauna. Babba bai gan ni ba sai da aka kira ƙararsu, na miƙe. Wani ma'aikaci ya ce in zauna, ba a kira ni ba. Ban zauna ba. Alƙalin dattijo ne mai furfura, ya ɗago kai ya ce a bar ni, ya tambaye ni ko ni wace ce.

“Allah shi gafarta Malam, ni ce matar mai gonar da ake magana. Ina da tumuni a cikinta, rabon matar mamaci, ba a raba ba, kuma ba a tambaye ni ba kafin a kawo ta nan.”

Ya tambayi Babba ko haka ne. Babba ya ce haka ne, muryarshi kamar ba tashi ba.

“To, Iya, mi kike nema?”

“A ba mu maganar ga mu koma da ita gida. A kai ta cikin gonar, a sa dattawan da kowa ya yarda da su. Masu shaidar gaskiya tsofaffin mata ne, ba su iya zuwa nan. Ga ruwa ya kusa sauka, ƙasa ba ta san an ɗaga ƙara ba.”

Wasu suka yi dariya, alƙalin bai yi ba. Ya ce sulhu abu ne da shari'a take so, ba ya hana shi, amma ba ya tilasta wa kowa. In masu ƙara biyu sun yarda, zai ba mu mako biyu, mu kawo mashi abin da aka yanke a rubuce. Ya tambayi Lawal. Lawal ya ga ni ce na nema, ya ɗauka ko mun ga za mu faɗi ne, ya ce ya yarda. Ya tambayi Babba. Babba ya karkata kunne, lauyanshi yana yi mashi raɗa. Ya buɗe baki na ga ƙi zai yi. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa mashi suna. Na dube shi ido cikin ido, gaban mutane, na kira sunanshi na yanka. Hauwa'u, kada ki rubuta shi. Na ce mashi:

“In ka ƙi, ba ni fita ɗakin ga sai na faɗi abin da na sani, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.”

Ya ce ya yarda. Da muka fito ya hau babur ɗinshi ya wuce ni a bakin titi. A mota na dawo.

Babba ya zaɓi Liman, Lawal ya zaɓi Sarkin Noma, kowa ya amince da na ɗan uwanshi. Daren Laraba aka yi ruwan shuka, ranar Alhamis da safe muka hallara a gonar, ƙasa tana ƙamshi, gonakin maƙwabta duk ana ta saran shuka, tamu kaɗai ke kwance. An kawo Tabawa a kan amalanke. Kafin a ce komai Liman ya tsayar da mazan biyu.

“Ba mu fara ba sai kun faɗi da bakinku, gaban jama'ar ga, cewa abin da muka yanke kun karɓa, ko ya yi maku daɗi ko bai yi ba. In akwai mai niyyar komawa Kankiya in bai ci ba, ya faɗi yanzu mu tafi gonakinmu.”

Suka faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya kawo maganarshi, ba abin da ba ku sani ba a ciki. Sannan Sarkin Noma, tsoho ne sa'ana mai son tsokana, ya ce shi ba ya jin shaidar mata biyu suna zaune wuri ɗaya, don in ɗaya ta yi tari ɗayar ta san ma'anarshi. Ya sa aka tura amalanken Tabawa can bakin rafi inda ba ta jin mu. Ni aka bar ni a tudu.

“To, Dije mai daddawa, ke da kika tayar da Kankiya tsaye. Wane itace kike kaɗewa a gonar ga?”

Na dafa ɗorawar tudu.

“Waccan fa? Ko gorar ce ba ta kai ba?”

“Gorata ta kai inda taka ba ta kai ba. Hana ni aka yi.”

“Wa ya isa?”

“Mai gonar. Shekarar da ƙurkunu ya kwantar da shi.”

Na faɗi abin da aka ce a zaure, kalma da kalma, ban rage ba. Babba yana tsaye bayan Liman, ban dubi wajenshi ba. Daga nan aka bar ni, duka taron ya gangara wurin Tabawa. Ban ji abin da ta ce ba sai daga baya, amma ina hangen Lawal, na ga sa'ad da ya cire hula ya riƙe a hannu. An ce Sarkin Noma ya tambaye ta tun yaushe take kaɗe ta ƙasa, ta ce tun shekarar ƙurkunun Malam. Ya tambaye ta ta tudu fa, ta ce ba ta taɓa miƙa mata hannu ba sai in Dije ta ɗebar mata. Ya ce damin da Mamman ke kai wa duk kaka fa, na mene ne? An ce Lawal ya durƙusa kusa da ita ya ce, Inna, ki tuna da kyau. Ta ce:

“Na tuna, ɗan nan. Ni ke tuna mashi in ya manta. Damin tudu ne. Ubanka bai taɓa cewa tudu nashi ne ba.”

Liman da Sarkin Noma suka koma gefe suka yi shawara, ba su daɗe ba. Liman ya faɗi hukunci. Daga ɗorawar ƙasa zuwa rafi na magadan Mamman ne, kyauta ce da ta tabbata. Tudu na magadan Malam ne, aro ne, kuma aro ya ƙare. Mangwaron Lawal ya cire su ya mai da su fadama tun da sauran damina. Sarkin Noma ya ƙara da cewa tunda Lawal ya riga ya kai taki tudu da rani, shi zai noma shi bana ya ci takinshi, ya kawo dami huɗu, na bana da na shekara ukun da ya riƙe, baɗi ya sauka. Babba ya ce wannan kuma ai ƙari ne a kan asara. Liman ya tuna mashi abin da ya faɗa da bakinshi da safe. Nan take aka ja igiya daga gindin ɗorawar ƙasa, aka haƙa, aka dasa gamba a kan iyaka. Ɗan Liman ya rubuta, mazan suka sa hannu, ni da Tabawa muka dangwala yatsa. Kafin la'asar Lawal ya fara shuka. Takardar aka kai Kankiya, alƙali ya karɓa ya rufe ƙara.

Yanzu ku ji abin da na biya, don kada ku ce a banza na samu. Fadamar kashi ɗaya ce cikin uku, amma ta fi sauran biyun albarka, wannan gaskiyar Babba ce. Shekara guda cur bai shiga ɗakina ba. Hatsi bai yanke ba, cefane bai yanke ba, amma gaisuwa daga tsakar gida yake yi ya juya. Da Salla ya aiko matarshi da atamfa, shi bai zo ba. Biyu daga cikin ƙannenshi suka bi bayanshi. A wurin aiki an riƙa tsokanarshi wai uwarshi ta kayar da shi gaban alƙali, na san wannan ya fi fadamar ci mashi rai. Lawal ma ya yi wata biyu ba ya cin tuwon da aka dafa a tukunya ɗaya da na uwarshi. Tabawa ta rasu bayan shekara biyu. Ni na yi mata wanka, Babba yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da an bar maganar a inda take, ban san ko da wane ido gidajen nan biyu za su dubi juna a ranar ba, ban kuma yi niyyar in gwada in gani ba.

Ba tsoron kotu na ji ba. Wadda ta ji tsoro ba ta shiga mota ita kaɗai ta je ta miƙe gaban alƙali ba a kira ta ba. Kuma ban kyautar da komai ba. Wanda ya yi kyautar yana kabari, ya yi ta da hankalinshi, ni tsare mashi ita na yi. Tudun da Lawal ya so ya haɗiye kuwa, wanda kuke cin gero daga cikinshi yau, ku tambayi kanku wace takarda ce ta dawo maku da shi.

Har yau Babba bai ce mani na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Amma bazarar da ƙafata ta gaza, ina zaune sai na ji ana jan gorata daga bayan rumbu. Na leƙa, shi ne, da furfurarshi da rigar zuwa ofis. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Da azahar ya dire buhu uku a ƙofar ɗakina, ya farfasa rabin 'ya'yan don bai iya ba, ya ce wa Hauwa'u ta gaya mani wai itacen yana son sassabe. Tun daga nan duk shekara shi ke zuwa da kanshi.

Gorar tana nan bayan rumbu. In na mutu kada a yi wuta da ita. Ɗorawar tudu taku ce, ku je ku kaɗe ta duk bazara da rana tsaka mutane na gani, ko ba wanda ya iya daddawa a cikinku, ko awaki za ku zuba wa. Ta ƙasa kuwa, ko reshenta ya tsallako gamba ya zubo 'ya'ya a gefenku, ku tsince ku miƙa masu. Wanda ya ɗaga mata gora a cikin zuriyata, ba da yawuna ba.